Amsar Barista ga Yaya kan korar yaronta daga makaranta

Assalamu alaikum warahmatullah. Jama'ar wannan zaure, barkanmu da dare. Yaya, muryarki ta shigo ina cikin kotu, sai yanzu bayan isha'i na samu na zauna na saurare ta har sau biyu. Na ce bari in amsa a nan maimakon in kira ki ke kaɗai, domin kusan kowa a gidan nan yana da ɗa ko ƙani a makaranta, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ga waɗanda ba su saurara ba: ɗalibai sun yi zanga-zanga a babbar makarantarsu ta tarayya kan ƙarin kuɗin makaranta, abin ya rikiɗe, aka farfasa gilasai da motar wani babba, aka rufe makarantar. Da aka dawo sai ɗan farin Yaya, wanda ke ajin ƙarshe, ya tarar da sunansa a allon sanarwa cikin waɗanda aka kora. Ya ce babu wanda ya kira shi, babu wanda ya tambaye shi komai. Yaya tana tambaya, a tara dattawa a je a ba da haƙuri ne, ko kuwa a tafi kotu?

To Yaya, kafin komai, don girman Allah kada yaron nan ya sa hannu a kowace takarda. Ko an ce masa rubuta ka nemi afuwa za a mayar da kai, kada ya rubuta sai na gani. Wani bawan Allah ya taɓa shigowa ofishina da takardun ɗansa a cikin baƙar leda, hannunsa na rawa yana zaro su ɗaya bayan ɗaya. Ina dubawa ina jin ƙarfin gwiwa, don a fili yake ba a saurari yaron ba. Can ƙasan ledar sai ga wata 'yar takarda da aka yago daga littafin rubutu, layi huɗu kacal, da rubutun yaron: na amsa laifina, a yafe mini, ba zan sake ba. Wani malami ne ya ba shi shawarar, kuma na yarda da kyakkyawar niyya ya yi. Amma layukan nan huɗu su lauyan makarantar ya riƙe, kuma su suka karya mana gwiwa. Har yau idan na tuna fuskar uban nan raina yana ɓaci.

Yanzu ga abin da doka ta ce. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowane mutum haƙƙin a saurare shi cikin adalci kafin a yanke hukuncin da ya shafi haƙƙinsa. Ginshiƙai biyu ne a ƙarƙashinsa: a ji ta bakin wanda ake zargi, kuma kada mutum ya zama alƙali a shari'ar da shi ma yana ciki. Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Lokacin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tura Sayyidina Ali Yaman, ya yi masa wasiyya cewa idan mutum biyu suka zauna gabansa kada ya yanke hukunci sai ya ji daga na biyun kamar yadda ya ji daga na farko.

Kuma akwai shari'ar da ta yi kama da taku matuƙa, a nan Arewa aka yi ta. A watan Fabrairun 1983 tarzoma ta ɓarke a Jami'ar Maiduguri, aka yi ƙone-ƙone da ɓarnar dukiya. Jami'a ta kafa kwamitin bincike, daga baya ta kori wasu ɗalibai. Ɗaliban suka garzaya Babbar Kotu a Maiduguri suka yi nasara. Jami'a ta ɗaukaka ƙara, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba ta gaskiya. Sai a 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar. Mu lauyoyi muna kiranta shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, kuma babu ɗalibin lauya a ƙasar nan da zai gama karatu bai karanta ta ba.

Ku saurari dalilan kotun, domin a nan maganar take. Wanda ya shugabanci kwamitin binciken mataimakin shugaban jami'ar ne, alhali shi kansa yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa. Kin gani ko, Yaya? Wanda aka yi wa ɓarna shi ne kuma yake zaune a kujerar bincike. Ko da mutumin kirki ne, ko da waliyyi ne, doka ta ce bai kamata ya zauna a wurin ba, saboda duk mai kallo daga waje zai yi zargin son rai. Sannan ba a ba ɗaliban cikakkiyar dama su fuskanci shaidun da aka kawo a kansu su kare kansu ba. Sai kuma dalilin da ya fi girgiza jami'o'i a lokacin: kotun ta ce abubuwan da ake zarginsu da su, irin su sa wuta da wawashe dukiya da cin zarafin mutane, manyan laifuffuka ne a dokar ƙasa, kuma kotu ce ke da hurumin tabbatar wa mutum irin wannan laifi, ba kwamitin makaranta ba.

Shi ya sa na tambaye ki ɗazu a saƙo, motar da aka fasa ta wane ne, kuma su wane ne a kwamitin. Idan mai motar ko na ƙasa da shi kai tsaye yana cikin waɗanda suka zauna, to wannan babbar magana ce.

Amma fa ba zan ɓoye miki ɗaya gefen ba, don kada ki ɗauka da an shiga kotu shi ke nan. Makaranta tana da ikon ladabtar da ɗalibanta, doka ce ta ba ta, kuma yaron ya yi rantsuwar bin dokokinta ranar da aka rantsar da sababbin ɗalibai. A 2004, a shari'ar Esiaga da Jami'ar Kalaba, Kotun Ƙolin dai ta ce jami'a tana iya dakatar da ɗalibi kafin a gama bincike domin zaman lafiyar makaranta, kuma wannan bai zama tauye haƙƙi ba. Saboda haka dakatarwa daban, kora daban. Dole mu ga kalmar da aka rubuta a takarda. Haka nan kotu ba ta son tsoma baki a harkar maki da cancantar digiri, takan ce wannan aikin malamai ne. Abin da take dubawa shi ne hanyar da aka bi. Kuma ko ta soke korar, sau da yawa ba cewa ta yi yaro bai yi laifi ba, cewa ta yi ba a bi ƙa'ida ba, makaranta na iya sake zama ta yi abin yadda ya dace.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ta fi damuna. Ku tuna shari'ar hijabi ta Legas. Babbar Kotun jihar ta yanke hukunci a 2014 ta goyi bayan hanin da gwamnati ta yi wa ɗalibai mata na sa hijabi a makarantunta. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wannan a 2016, bisa sashe na 38 mai maganar 'yancin addini. Kotun Ƙoli ba ta rufe maganar ba sai a watan Yunin 2022, alƙalai biyar suka goyi bayan ɗalibai mata, biyu suka saɓa. An yi nasara, alhamdu lillahi, kuma 'ya'yanmu na baya sun amfana. Amma 'yan matan da aka shigar da ƙarar dominsu sun daɗe da barin sakandare kafin ranar. Ni ba na son yaronmu ya ci shari'a yana da shekara talatin da wani abu, abokan karatunsa sun yi hidimar ƙasa sun yi aure. Burina ya koma aji ya rubuta jarrabawarsa ta ƙarshe.

Don haka ga yadda nake ganin za mu yi. Gobe da safe ya je ya ɗauki hoton allon sanarwar nan, yadda kwanan wata da sa hannu za su fito sosai, kafin a cire takardar. Daga nan ya wuce ofishin magatakarda ya nemi takardar korarsa a rubuce, mai sunansa da dalili. Sanarwa a allo ba ta wadatar da mu ba. Ya nemo littafin dokokin ɗalibai da aka raba musu a shekarar farko, idan ya ɓatar ya ara wurin aboki, domin a ciki aka rubuta matakan ladabtarwa da adadin kwanakin da aka ba ɗalibi ya ɗaukaka koke. Dokokin da suka kafa yawancin jami'o'inmu sun ba ɗalibin da aka kora damar kai kuka ga majalisar gudanarwa, kuma alƙali yakan tambaya ko an bi wannan ƙofar kafin a zo gabansa. Ni zan rubuta takardar koken, cikin ladabi, babu zagi babu barazana. Ya kai kwafi biyu, a buga masa hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya ya dawo da shi gida. Yaya, wannan hatimin ki adana shi kamar takardar gida. Na sha ganin an ce ba a taɓa karɓar koke ba, sai hatimi ya raba gardama.

Kada kuma mu yi sanyin jiki. Akwai dokar kare jami'an gwamnati wadda ta ce duk mai ƙarar hukuma kan aikinta ya shigar cikin wata uku. Gaskiya ne ƙa'idojin neman haƙƙin ɗan'adam na 2009 sun ce irin wannan wa'adi bai shafi ƙarar da aka shigar a ƙarƙashinsu ba, amma ni ba na yarda in bar wa lauyan ɗaya ɓangaren wannan ƙofar. Mu ƙirga wata uku daga ranar da ke kan takardar. Idan koke ya yi shiru har aka doshi wata biyu, sai mu shirya takardun kotu. Makarantar tarayya ce, don haka Babbar Kotun Tarayya za mu nufa.

Batun dattawa kuwa, ban hana ba. Kawu ya je, mutum ne mai kima, ana jin maganarsa. Amma abin da zai roƙa shi ne a kira yaro a saurare shi, kada ya ce yaro ya yi kuskure a yafe masa. Waɗannan maganganu biyu ba ɗaya ba ne, kuma ta biyun amsa laifi ce da bakin wani.

Ga sauran 'yan'uwa da ke saurare, wanda irin wannan ta same shi kuma ba shi da kuɗin lauya, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, akwai kuma hukumar ba da lauya kyauta da ake kira Legal Aid. Suna da ofisoshi a manyan biranen jihohi, kuma kai koke wurinsu ba a biyan kuɗi. Wasiƙa ɗaya daga irin waɗannan hukumomi takan sa makaranta ta sake buɗe fayil. Idan kuma makarantar kuɗi ce, a fara duba takardar yarjejeniyar da uba ya sa wa hannu ranar shiga, don a can maganar takan fara.

Abu na ƙarshe, Yaya, kuma ki yi haƙuri da shi. Ina son in zauna da yaron nan ni da shi, ba ke ba babansa. Zan tambaye shi ina yake ranar, da wa yake tare, ko akwai hoto ko bidiyon da ya fito a ciki, me ya rubuta a guruf ɗin ajinsu. Kada ya goge komai a wayarsa. Idan yana wurin ya faɗa mini yana wurin, domin tsayawa a zanga-zanga daban, ɗaukar dutse daban, kuma ko wanda ya ɗauki dutsen yana da haƙƙin a saurare shi. Abin da ba na so shi ne in fara jin gaskiya daga bakin lauyan makaranta a gaban alƙali. Kada ku yi masa faɗa yau da dare, na ji a muryarki kin yi kuka, shi ma na san bai runtsa ba. A ba shi abinci ya ci.

Ya same ni a ofis gobe bayan azahar, da hoton allon, da katin shaidarsa na ɗalibi, da rasit ɗin kuɗin makaranta na bana. Allah Ya fitar da shi, Ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Sai da safe. Wassalamu alaikum.