Kafin ka sayi na'ura mai ƙofa takwas saboda ganguna

Wani mai ƙaramin sutudiyo ya aiko da tambaya. Yana haɗa kiɗa da manhajar ganguna a kwamfuta, kuma masu ba shi aiki sun fara cewa ya riƙa turo kowace ganga a fayil ɗinta daban, don mai tace musu sauti ya ji daɗin aiki. Na'urar sautinsa ƙofar fita biyu ce kawai gare ta. Ban da wannan, in ya jona gangunan lantarki ya bugi sineya (ƙaramar ganga mai kaifin sauti), sai wata gangar daban, wato tom, ta amsa. Ya tara kuɗi, yana so ya san wanne zai fara saya: na'ura mai ƙofa takwas ko sabuwar manhaja.

Malam, ka riƙe kuɗinka tukuna. Duka matsalolin nan biyu na saiti ne, babu wadda sayayya za ta magance.

Ƙofofin da ke bayan na'urarka aikinsu kai sauti zuwa lasifika ko wata na'ura ta waje. Rarraba gangunan da ake nema daga gare ka kuwa a cikin kwamfuta yake faruwa, tsakanin manhajar ganguna da manhajar da kake haɗa waƙa a cikinta. Ko ƙofa biyu gare ka, za ka iya fitar da fayil goma sha shida. Na'ura mai ƙofofi da yawa sai in za ka aika gangunan zuwa teburin haɗa sauti na zahiri, ko kana kiɗa a dandamali, mai kula da sauti yana son kik (babbar gangar da ake bugawa da ƙafa) da sineya a waya daban-daban. In ba ka yin ɗaya daga cikin biyun nan, jari ne za ka kwantar a banza.

Aikin mataki biyu ne, kuma yawancin masu cewa abin ya ƙi guda ɗaya suka yi. Na farko a cikin manhajar gangunan: a shafinta na haɗa sauti, ƙarƙashin kowace ganga akwai inda ake zaɓar ƙofar da za ta fita, wato ƙofar cikin manhaja, ba ta bayan na'ura ba. Daga kamfani duka suna fita ta 1 da 2. Ka ba kik tata, sineya tata, hai-hat (faifan ƙarfe biyu da ake buɗewa da rufewa da ƙafa) tata, tom-tom su haɗu a guda biyu na hagu da dama, makirufo na sama biyu, na ɗaki biyu. Na biyu a manhajar haɗa waƙa, wadda dole ta buɗe layin da zai karɓi kowace ƙofa. A Cubase kunna ƙofofin ake yi daga jerin kayan kiɗa. A Logic sai ka ɗora manhajar a sigarta ta Multi-Output, sannan ka danna alamar ƙari a kan layinta. A Ableton Live sabon layin sauti za ka buɗe, ka zaɓi layin gangunan a matsayin inda zai ɗauko sauti, ka sa sauraro a kan In. Wanda ya yi matakin farko ya bar na biyu, gangar da ya ware shiru za ta yi, ya ɗauka manhajar ce ta lalace.

Da ka rarraba, kada ka yi mamaki in ka ji kiɗan ya rage kauri. Manhajoji da yawa suna matse sautin duka gangunan tare a layin ƙarshe na cikinsu, kuma gangar da ka fitar ta wata ƙofa ta kauce wa wannan matsi ke nan. Maganinsa ka tara layukan a rukuni ɗaya ka maido da matsin a can. Sannan kar ka manta da makirufo na ɗaki da na sama. A nan rabin ran kiɗan yake, in ka turo na kusa kaɗai mai tacewa zai ce ka aiko masa busasshen abu.

Batun sineya da ke amsawa da muryar tom kuwa, MIDI, wato tsarin saƙon da gangunan lantarki ke tura wa kwamfuta, ba sauti yake aikawa ba, lamba yake aikawa daga 0 zuwa 127, tare da ƙarfin bugu. Tsarin General MIDI na 1991 ya ware tasha ta 10 domin ganguna, ya kuma raba lambobi: kik 36, sineya 38, hai-hat a rufe 42, na ƙafa 44, a buɗe 46, kirash 49, rayid 51. Sai dai lambobin nan sun yi wa manyan manhajoji kaɗan, tunda sineya ɗaya tana iya samun bugun tsakiya da na baki da na gefe, shi ya sa wasu kamfanoni suka tsara nasu jadawalin. Addictive Drums 2, alal misali, da nasa jadawalin yake zuwa. Ka shiga shafin MIDI na manhajarka ka zaɓi sunan gangunan lantarkinka daga jerin da aka tanada. In babu su, akwai maɓallin koyo: ka danna gangar da kake so a allo, ka bugi faifan, ta riƙe lambar. Ka adana da suna, kar gobe ka sake daga farko.

Ka riƙa aiki da lamba, ka bar sunan harafi. Lamba 36 a Cubase da Ableton C1 ce, a FL Studio kuma C3, ga shi duk abu ɗaya ne. Hai-hat da ya ƙi buɗewa ko rufewa kuma, yawanci saƙon takun ƙafa ne bai isa ba, wanda akasari ke tafiya ta saƙon MIDI mai suna CC4. Ka duba ko wani abu na tace shi a hanya. In bugu na jinkiri, ka rage ma'ajin sauti (buffer), wato yawan ɗigon sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar: in tana sarrafa ɗigo 48,000 a daƙiƙa, 128 bai kai milisakan 3 ba, 1024 kuwa ya haura 21, kuma hannun makaɗi yana jin wannan.

Inda kuɗin yake shi ne a nan. Ka yi saitin sau ɗaya ka adana shi a matsayin samfurin da kowace sabuwar waƙa za ta fara da shi. In rabin awa kake ɓatawa a kan kowace waƙa, waƙa 20 a wata awa 10 ke nan da ba wanda ya biya ka. Fayilolin da aka rarraba kuma ka sa musu farashinsu daban da na kiɗan da aka haɗe, ka faɗa tun kafin a fara aiki, har da sau nawa za ka yi gyara kyauta. Ka fitar da su a WAV mai bit 24, duka su fara daga daƙiƙa ɗaya ko da tom ba za ta shigo ba sai tsakiyar waƙa, ka haɗa da kiɗan a dunƙule don a ji yadda ka nufa. Fayil ɗin MIDI ya fi su tsada a wurina, domin wanda ya karɓe shi zai iya sauya gangunan gaba ɗaya ba tare da ya dawo wurinka ba. In ka sayar, ka rubuta masa jadawalin da ka yi amfani da shi. Bugu ɗai-ɗai na manhajar kuwa kar ka tattara ka sayar a matsayin naka, yawancin lasisi sun hana.

Sabuwar manhaja sai in ka duba ka ga taka ba ta da ƙofofi fiye da biyu, ko ba ta barin a sauya lambobi. Ko a nan ma ka fara gwada sigar gwaji ko ta kyauta da gangunanka, ka tabbatar hai-hat na buɗewa da rufewa, kafin ka biya.