Tsohuwar MGB mai mutuwa idan ta yi zafi

"Maigida, wata mota MGB ta Ingila, ƙirar 1970, nake gyarawa a gida. Da sanyi bugu ɗaya take tashi, amma in ta yi tafiyar kamar minti ashirin sai ta fara shaƙewa ta mutu, ba ta kuma tashi sai ta huce. Na sa sababbin fulogi, ba ta sake zani ba. In kwance kafiretocin in wanke su?"

A'a, ɗana, ajiye sukudirebar nan tukuna. Kafireto biyu ne a motar, ƙirar SU, kuma an daidaita su ne su ja iska daidai wa daida. Ka juya sukurorinsu da ka, ka ƙara wa kanka matsala ta biyu alhali ba ka gano ta farko ba. Kafireton da ya ba da mai lafiya lau tsawon minti ashirin, saitinsa bai gudu a minti na ashirin da ɗaya ba. Wani abu ne zafi ke kashewa, sanyi ya farfaɗo da shi.

Irin wannan ciwo kamar zazzaɓin dare yake, in ka kai mai shi asibiti da rana sai a ce lafiyarsa ƙalau. Saboda haka duk gwajin da za ka yi, a daidai lokacin da ta mutu za ka yi shi, injin na turiri. Ka tanadi mitar auna wuta, fulogi guda mai kyau, filaya mai roba a hannu da abin kashe gobara. In a tsaye za ka bar ta ta yi zafi, ka fito da ita fili. Hayaƙin salansa a rufaffen gareji yana kashe mutum, ba ya kuma sallama.

Kafin ka buɗe bonet ma, motar za ta gaya maka rabin amsar. Agogon da ke ƙirga juyin inji a irin taka na lantarki ne, daga layin koyil, wato abin da ke ƙara wa wutar batir ƙarfi don fulogi, yake ɗaukar karatunsa. Ka zuba masa ido lokacin da ta fara mutuwa tana cikin giya. In allurar ta faɗi ƙasa tashi ɗaya alhali tayoyi na ci gaba da juya injin, wutar da ke shiga koyil ce ta yanke: makulli, kan wayar koyil, ko kwantak, ɗan ƙarfen da ke haɗa wutar koyil yana yanke ta. In kuwa allurar na sauka a hankali tare da injin, ɓangaren nan lafiya yake, sai ka nemi laifin a wajen mai ko a babbar wutar da ke tafiya fulogi.

Da ta tsaya, ka kashe makulli nan take. Dalili shi ne famfon mai na motar nan na lantarki ne, yana can baya kusa da ɗakin batir, kuma muddin makulli na kunne zai sake cika kofunan kafireto, inda fetur ke taruwa, ya goge maka shaida. Kwance sukurori ukun da ke murfin kofin, ka leƙa. Kofi cike da fetur, mai ba shi da laifi. Kofi a bushe, sai ka bi layin zuwa baya. Buɗe murfin tanki ka saurara: in iska ta zuƙu ciki da ƙara, hanyar numfashin tankin ta toshe, famfo ya yi ta ja har ya gaji. Sannan kunna makulli ka ji famfon. Lafiyayye yakan yi ƙas-ƙas-ƙas da sauri, ya rage, ya yi shiru in kofuna sun cika. Wanda ya yi shiru tun farko, kuma ka ɗan ƙwanƙwasa shi da gindin sukudireba ya farka, kwantak ɗin cikinsa ne ya ci wuta. Ka zare tiyon daga kafireto ka sa a gwangwani, nesa da salansa: bai kamata fetur ɗin da famfon ke turowa ya gaza rabin lita a minti ɗaya ba. In za ka sauya famfo, ka nemi mai sauƙin matsi irin nasa. Mai ƙarfi yakan danne allurar kofi, fetur ya yi ta ambaliya a kan ƙarfe mai zafi.

Ka lura kuma, a injin nan hanyar shigar mai da ta fitar hayaƙi gefe ɗaya suke, kafiretoci na zaune ne a saman bututun salansa. Akwai farantin da ke tsare su daga zafi. Sau da yawa wani ya cire shi ya manta, ko abin da aka manna a bayansa ya zube. Ba shi, fetur na iya tafasa, musamman fetur na yanzu da ake haɗawa da etanol, wanda kuma ke cin tsofaffin tiyo na roba.

Amma ni, da za a ce in sa hannu a wuri ɗaya, distiributa zan nufa, wato abin da ke rarraba wuta zuwa fulogi. Zare babbar wayar da ta fito daga koyil ta shiga tsakiyar murfin distiributa, riƙe ta da filaya kusa da jikin inji, tazarar kamar milimita 6, wani ya buga maka kik. Kana neman tartsatsi shuɗi mai ƙara. In ya fito, mai da wayar, ka gwada a wayar fulogi da fulogin da ka tanada, jikinsa na taɓa inji. Wuta a koyil, babu a fulogi: rota ne, ɗan hannun da ke juyawa a ƙarƙashin murfin distiributa, ko murfin kansa. Rota mai ƙusa a bisa yakan yi tsagar da ido ba ya gani, in ya yi zafi sai wuta ta zarce ta cikinsa zuwa sandar distiributa. Na ga motoci da yawa da aka zazzage wa kafireto a banza saboda wannan ɗan abin.

In tartsatsin koyil ɗin kansa ja ne, ko rawaya mai rauni, ko babu, to tsakanin kwandansa, kwantak da koyil ne. Dubi fuskar kwantak. In ta ƙone ta yi rami, ka zargi kwandansa, don aikinsa ke nan ya hana wuta tsalle a wurin. Buɗewar kwantak kuwa tsakanin milimita 0.35 da 0.40 ce. Robar da ke gogar kam, wato kusurwoyin sandar distiributa masu buɗe kwantak, tana cinyewa, tazarar ta yi ta raguwa har ta kusa rufewa. Akwai kuma wasu siraran wayoyi biyu a ciki, ɗaya mai kawo wuta, ɗaya ta at mai kama jikin ƙarfe, kullum suna lanƙwasa saboda farantin da suke kai yana motsi. Sukan karye a cikin rigarsu, waje kuwa sumul. Ka ɗan ja su kana kallon mita.

Koyil kuma kada ka yanke masa hukunci don kawai ya yi ɗumi, duk koyil yana ɗumi. Auna tsakanin ƙananan kawunansa biyu. Na motarka wajen om 3 ya kamata ya nuna. Na wajen om 1.5 na MGB ɗin da suka biyo baya ne masu wayar rage wuta, daga tsakiyar shekarun 1970. In wani ya ɗaura maka irinsa kai tsaye a bolt 12, zai yi zafi fiye da kima ya kuma ƙone kwantak. Motar da aka daina ƙerawa tun 1980 hannaye da yawa sun ratsa ta, kada ka ɗauka abin da ka tarar a jiki shi ne na asali. Hatta batir, biyu ne masu bolt 6 a bayan kujeru in ba a sauya ba, sai ka duba wayar da ta haɗa su da wadda ta kama jikin mota.

Abu ɗaya za ka sauya, ka gwada, sannan na gaba. Tsohon kayan kuma ka ajiye, kada ka yar, don sabon kwandansa ma yakan zo a lalace daga kwali, sai da tsohon za ka gane. In wuta ta daidaita, ka duba taimin da tazarar bawul, a lokacin ne za mu zauna kan kafireto, mu fara da man da ke cikin tulunsu na sama. Yanzu dai je ka ɗumama ta, ka dawo ka gaya mini abin da allurar nan ta yi da abin da ka gani a kofi.