Ina zan kai karena ya miƙe ƙafa a Zariya?

Tambaya: Likita, ina da karen gadi a Tudun Wada. Kullum yana ɗaure, da dare kuma ba ya barin kowa ya runtsa saboda haushi. Ina gani a intanet Turawa na da filayen karnuka, har bakin teku suke kai su. Akwai inda zan riƙa fita da shi a nan Zariya ba tare da na ɓata wa kowa rai ba?

Amsa: Malam, haushin nan da wuya in ba ɗaurin ne ya jawo shi ba. Karen da ba ya motsa jiki, a baki ƙarfinsa yake ƙarewa, don haka shawarar fitar ta yi.

Teku dai ba mu da shi, filin da aka keɓe wa karnuka ma babu. Fili da duwatsu muke da su, kuma sun isa. Ni gindin Dutsen Kufena, ta wajen Wusasa, nake fara nuna wa mutane: ga sarari, ga hanyoyin ƙafa, ba cunkoso. Sai dai a kula da lokaci. Kare da haki yake sanyaya jikinsa, ba ya zufa irin tamu, kuma a Maris da Afrilu dutsen nan kan ɗauki zafi tun hantsi. Ɗora bayan hannunka a kai. In ka kasa jurewa, daginsa ma ba zai jure ba. Ku fita bayan asuba ko da la'asar sakaliya, da gorar ruwa da ɗan kwanonsa. Da damina gefen dutsen duk gonaki ne, ga awaki, ga shanun Fulani, saboda haka igiya kada ta bar hannunka. Ƙarshen damina ciyawa ta yi tsawo, macizai irin su kasa da kububuwa na ciki, ku tsaya a kan hanya. In kun dawo, buɗe kunnuwansa da tsakanin yatsunsa ka duba. Nan kaska ke laɓewa, nan ƙarangiya ke maƙalewa, kuma kaska na sa wa kare zazzaɓin da ke shanye masa jini.

In ruwa kake so, akwai bakin Galma, amma lambunan rani sun kewaye shi kuma ana feshin magani, kada ka bar shi ya sha daga kududdufi. Dam ɗin Kubanni a Samaru na Jami'ar Ahmadu Bello ne, sai ka nemi izinin masu tsaro tukuna. Don tattakin yau da gobe, titunan GRA da sassafe sun wadatar.

Cikin Birni kuwa ina roƙonka ka haƙura. Lunguna ne matsattsu, ga masallatai, ga makarantun allo. Mutum ya yi alwala zai tafi salla, kare ya shinshina masa riga, ka shiga haƙƙinsa. Yara kuma in sun gan shi, wasu su ruga, wasu su yi jifa, yawanci daga nan cizo ke farawa. Ko'ina za ku haɗu da jama'a, gajarta igiyar ka sa masa takunkumi.

Kafin fitar farko, kai shi asibitin koyarwa na dabbobi na jami'ar, a Samaru, a yi masa allurar rigakafin haukan kare. Ana fara ta ne kwikwiyo na wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara. A ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska, katin rigakafin kuma ya riƙa bin ka a aljihu. In tsautsayi ya sa ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, domin cutar nan in alamunta suka bayyana kusan ba a tashi.

Tunda ya saba da ɗauri, zai yi ta fizga da fari. Fara da zagayen minti 20 kusa da gida har ya saba tafiya a gefenka, sannan ku nufi Kufena.