Ruwa Ya Shiga Motata: In Gyara Ko In Rabu Da Ita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Kwana huɗu da suka wuce aka tafka ruwa cikin dare har ambaliya ta taso, motata tana fake a waje, da gari ya waye ruwan ya janye amma shatin laka ya kai kusan rabin ƙofa, ciki kuma kafet ya yi jagab, kujeru sun jiƙe ta ƙasa, sai dai ruwan bai kai sitiyari ba. Motar fetur ce, otomatik, shekararta 11. Ban tayar da ita ba har yanzu saboda maƙwabcina ya hana ni. Wani bakanike ya ce a wanke a shanya a canza mai shi kenan, wani kuma ya ce in sayar tun kafin ta fara wahalar da ni. Da ita nake kai yara makaranta kuma gaskiya ba ni da kuɗin wata a hannu. Ya zan yi? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba. Kafin komai ka je ka yi wa maƙwabcin nan naka godiya, domin wallahi shi ya cece maka injin.

Bari in faɗa maka dalili. Inji yana aiki ne da matse iska da fetur a cikin silinda, a motar fetur fistin yana matse su wajen ninki 10, a ta dizal kuma ya fi haka nesa ba kusa ba. To iska tana matsuwa amma ruwa ba ya matsuwa ko kaɗan. Idan ruwa ya bi ta iyakilina, wato akwatin da ke tace iskar da inji ke zuƙa, ya sauka cikin silinda sannan ka murɗa makulli, fistin zai taso da ƙarfi ya tarar da abin da ba ya ba da hanya, sai kon-rod, wato ƙarfen da ke riƙe da fistin, ya lanƙwashe, wani lokaci ya karye ya huda jikin injin. A daƙiƙa ɗaya ake yin wannan ɓarnar, kuma da yawa daga cikin injinan da ake cewa ambaliya ta kashe, ba ambaliyar ba ce, murɗa makullin nan ne na “bari in gani ko za ta tashi”. Don haka ko yanzu kar ka gwada. Cire kan batir, fara da na negatif, a kira janwe ya ja ta zuwa gareji.

A gareji abu na farko a buɗe iyakilina. Idan takardar cikinta a bushe take to ka yi hamdala, da alama ruwa bai shiga ta nan ba. In kuma ta jiƙe, sai a kwance fulogogi duka a juya injin ruwan ya feso waje kafin a yi maganar tayarwa. A zaro ma'aunin baƙin mai a duba, idan man ya haura alamarsa ko ya koma fari-fari ya yi kauri, ruwa ya shiga. Shi wannan da sauƙi, a zubar a canza matatar man, a yi ɗan gudu a sake canzawa. Wanda na fi jin tsoro shi ne man giya. Na otomatik yawanci ja ne, idan ya koma ruwan hoda fari-fari kamar an dama shi, to akwai magana, saboda faifan kulocin da ke cikin giyar ruwa yana ɓata gam ɗin da ya riƙe su, sai giyar ta yi lafiya wata ɗaya ko biyu sannan ta fara santsi da fizga. Man birki ma a canza shi, domin shi da kansa yana zuƙar ruwa, kuma a duba tanki.

Amma ka ga duk wannan da na lissafa, ba shi ne yake sa a rabu da mota ba. Inji ƙarfe ne, ana kwance shi a gani da ido a gyara. Abin da ke cin mutum shi ne wayarin. Motocin yanzu wayoyi suna bi ta ƙarƙashin kafet daga gaba har but, da soket-soket birjik, kuma a motoci da yawa na'urar da ke ba jakar iska, wadda ke kare mutum in an yi karo, umarnin fashewa a ƙasa take, tsakanin kujerun gaba, daidai inda ka ce ruwa ya kwana. Wasu ma biren-bos ɗin nasu, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, yana kusa da inda fasinja ke ajiye ƙafa. Ruwan ambaliya kuma ba ruwa ne zalla ba, laka ce da yashi da ƙazanta, idan ya shiga soket ya bushe sai ya bar datti a kan haƙoran tagulla, su fara yin kore a hankali. Na taɓa zare wani soket a ƙarƙashin kujerar direba a motar da mai ita ya rantse ta bushe tun watanni, ina juya shi sai ga ruwa ya ɗigo a tafin hannuna, haƙoransa biyu sun rube sun zama gari. Motar tana tashi lafiya lau, amma yau gilas ya ƙi sauka, gobe fitilar jakar iska ta kama, jibi ta mutu a tsakiyar titi ba dalili. Wannan ita ce wahalar da bakanike na biyu yake gudar maka, kuma yana da gaskiya a nan.

Shi ya sa ni shatin lakar nan nake fara dubawa. Idan ruwa ya tsaya a taya bai shiga ciki ba, a wanke birki da boris ɗin da taya ke juyawa a kai a ci gaba da hawa. Idan ya kai dashbod, ko ruwan gishiri ne na teku, ba na ba kowa shawarar ya zuba kuɗinsa, gishiri ba ya daina cin ƙarfe da waya. Kamfanonin inshora ma galibi irin wannan motar rubuta ta suke yi a matsayin wadda ta tashi daga aiki. Taka tana tsakiya, wato inda hukunci ya fi wuya, kuma a nan ba na yarda da “a wanke a shanya” ɗin bakanike na farko. Ƙarƙashin kafet akwai soso mai kauri da ke riƙe ruwa makonni, rana ba ta kai masa, kuma fumfuna tana fara kamawa cikin awa 24 zuwa 48, kai kuma yau kwana huɗu. Yara za su zauna a ciki su shaƙa kullum da gilas a rufe. Dole a kwance kujeru a ɗaga kafet gaba ɗaya, soson a jefar a sa wani.

To shawarata, kar ka yanke hukunci yau. Ka kashe ɗan kuɗi kaɗan a kan bincike tukunna: a fitar da kujeru da kafet, mai rewaya, wato mai gyaran wayarin mota, ya zare kowane soket na ƙasa ya wanke ya busar, a duba mayukan nan, in an tayar a jona ta da kwamfuta a karanta abin da take kuka da shi. Sannan su rubuta maka kuɗin gyara a takarda, kai kuma ka ƙara wani abu a kai saboda abin da zai ɓullo daga baya, don sai ya ɓullo. Ka auna da kuɗin da motar za ta yi a kasuwa kafin ruwan. Masu inshora a wurare da dama idan gyara ya kai wajen kashi 70 zuwa 75 cikin 100 na darajar mota sai su haƙura da ita. Ni a motar ambaliya ina sauko da layin, in ya haura rabi, ko aka samu ruwa a giya da na'urar jakar iska a tare, ka rabu da ita. In kuwa man giya jajir yake, iyakilina a bushe, ruwan kuma bai shiga akwatunan lantarki ba, ka gyara abinka, motar da ka san tarihinta ta fi wadda za ka saya a makance da ɗan abin da ke hannunka. Amma na'urar jakar iska in ta jiƙe a canza ta, ba a busar da ita a mayar, tunda rayukan yaranka ne a ciki.

In kana da inshora ka duba takardarka, mai rufe komai ita ce ke biyan ambaliya, wadda ke biyan wanda ka buge kawai ba ruwanta. Ka ɗauki hoton shatin lakar kafin a wanke. In kuma sayarwar ce ta kama, dan Allah ka gaya wa mai saye ruwa ya shige ta, ko ka sayar wa masu kwance kayan gyara.

TAMBAYA: Malam ni kuma saye zan yi, ta hannu. Ta ya zan gane wadda ruwa ya taɓa ci? Daga wata mai karatu.

AMSA: Hajiya kin yi tambaya mai kyau, domin motocin nan ba ɓacewa suke ba. A 2017 guguwar Harvey ta lalata dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston na Amurka, kuma irinsu akan wanke su tas a kai su kasuwannin nesa. Ki rufe gilasai ki zauna ciki minti biyu ki saurari hancinki, warin rima ko turaren da ya yi yawa duk abin zargi ne. Ki jawo bel har ƙarshensa ki duba ko akwai shatin ruwa, ki leƙa ƙarfen da kujera ke gudu a kai ko ya yi tsatsa, ki ɗaga safaya taya ki shafa ramin ko za ki ji busasshiyar laka. Sabon kafet a tsohuwar mota ma ki tambayi dalili. Idan kin murɗa makulli kafin inji ya tashi, ya kamata fitilar jakar iska ta kama sannan ta mutu da kanta, in ba ta kama ba sam to wataƙila an kashe ta ne don a ɓoye matsala. Sannan ki kwafi lambar shasi mai harufa da lambobi 17 a bincika tarihinta a intanet, kuma ki tafi da mai rewaya naki, ba na dillali ba.