Furen iris ɗina ya fito da huɗu maimakon uku, lafiya kuwa?

Tambaya: Salam Malam. Na tare a wani gida a Ingila, na tarar da fure a bayan gidan, ganyensa kamar takobi, maƙwabciyata ta ce iris ne amma ba ta san irinsa ba. Shuɗi ne mai duhu, kuma guda ɗaya ya fito da ganyen fure huɗu masu lanƙwasowa ƙasa, sauran duk uku-uku. Cuta ce?

Amsa: Wa alaikis salam Hajiya. Iris kala-kala ne, ya kai wajen iri 300, amma gane naki ba wuya. Ki kama ganyen furen da ya lanƙwaso ƙasa ki duba tsakiyarsa, in kin ga layin gashi mai laushi kamar na buroshi, yawanci rawaya ko fari, toh wannan shi ne mai gemu, Iris germanica da danginsa, ana yawan shuka shi a gidajen Ingila. Sai ki ɗan tona gindin da yatsa. Mai gemu saiwarsa a kwance take a saman ƙasa kamar ɗanyar citta, in kuma kin tarar da ƙwallo kamar albasa toh mai yiwuwa wanda ake kira na Holan ne. In ba gemu, ba ƙwallo, ganye kuma siriri kamar ciyawa, mai yiwuwa wanda ake kira Iris sibirica ne. Amma don Allah kar kamannin citta ya ruɗi yara, saiwar tana da guba.

Zancen huɗun nan kuma ki kwantar da hankalinki, ba cuta ba ce. Iris komai nasa uku-uku ne, uku a tsaye uku a lanƙwashe, amma tun furen yana ƙunshe ake rabon nan, in sanyi mai tsanani ya buge shi a lokacin sai lissafin ya kuskure ya fito da huɗu ko biyar, baɗi kuma ya koma daidai. Abin da ya fi damuna feshin maganin ciyawa ne, shi in iska ta kwaso shi furen murɗewa yake ya koɗe, kuma ba ɗaya kaɗai zai taɓa ba.

Ni dai ina son irin wannan furen sosai, kar ki tuge shi. Ki kafa ɗan tsinke a gindinsa, ki ɗauki hoto. In baɗi 'ya'yan da saiwar ta fitar sun sake yin huɗu toh canjin ya zauna a jikinsa, sai ki raba saiwar wajen Yuli ko Agusta bayan ya gama fure, don ta iri ba lallai ya gado ba. In mai gemu ne, kar ki binne ta da zurfi, ki bar bayanta yana shan rana.