Harsashin .22 Da Ka Tambaye Ni Jiya

Ɗana, ka tare ni jiya ina rufe shago, ka ce dattijuwar nan mai ciwon gaɓɓai da ta sayi ƙaramar bindiga .22 tana son sanin wane harsashi za ta zuba don kare kanta a gida, kai kuma ka ga wani yaro a YouTube yana cewa a sayi mai rami a baki, wanda ya fi kowanne gudu. Ban tanka maka ba don raina ya ɓaci. Tambayarka ta fama mini wani tsohon miki.

A 2013 ne, shekarar da harsashin .22 ya yi ɓatan dabo a Amurka. Lokacin kana firamare. Mutane na bin layi tun asuba a ƙofar manyan kantuna don a sayar musu da 'yan kwalaye. Wani mutum ya shigo shagon nan na Houston da ƙaramar fistol, ya ce tana ƙin tashi, kwanso kuma yana maƙalewa. Kwana biyu na yi a kanta. Na warware ta, na goge ɗakin harsashi har yana ɗaukar ido, na canza sifirin da allurar da ke bugun kwanso. Sannan na ɗauko harsashin Mini-Mag na kamfanin CCI, nawa na kaina, da nake ɓoyo kamar zinari a wannan shekara, na harba 200 a cikinta. Ko sau ɗaya ba ta yi gardama ba. Ya biya dala 180 da kati, ya fita yana sa mini albarka.

Bayan sati biyu sai ga shi yana ta hargagi a gaban masu ciniki, wai na lalata masa bindiga. Na ce ya kawo harsashin da yake zubawa in gani. Ya ce ina ruwana da harsashinsa. Ya kai ƙara bankinsa cewa ban yi aikin ba, aka zare kuɗin daga asusuna, ya kuma rubuta a intanet cewa ni ɗan damfara ne. Ni da na shekara goma sha takwas a kan bencin nan ba a taɓa dawo mini da aiki ba! Wata uku ciniki na ja da baya. Sai can wani maƙwabcinsa ya zo da tasa bindigar, da ragowar harsashin da mutumin ya ba shi kyauta. Irin na arahar nan ne da ake zubawa 500 a kwali, ya daɗe a gareji cikin laimar Houston, kuma ya fesa musu mai wai don kada su yi tsatsa. Na ɗauki ɗaya na murza kan dalmar da yatsa biyu, sai ga shi yana juyawa cikin kwanso kamar haƙorin da ya kusa fita. Cikin 50 da na gwada, 9 ba su tashi ba. Har yau bai zo ya ce in yi haƙuri ba, ni ma ban yafe ba.

Saboda haka abu na farko, harsashin ya tashi. A manyan harsasai ƙyastun yana tsakiyar gindi, a ɗan kofinsa. A .22 kuwa ana ɗiga shi da ruwa-ruwa a cikin kwanso, a juya da ƙarfi ya bazu cikin leɓen gindi. Inda bai kai ba, allura ta bugi wofi. Haka ake yin sa tun 1887 da aka fito da .22 LR, wato Long Rifle, harsashin da muke magana a kai, shi ya sa mai araha ke ƙin tashi. A filin gwaji wannan ɗan haushi ne kawai, amma ga tsohuwa da ɓarawo a falonta, rai ne.

Gudun da aka rubuta a kwali, da doguwar bindiga aka auna shi. Kwalin harsashin Stinger, mai rami a baki, yana cewa ƙafa 1,640 a daƙiƙa. Zuba shi a bututu mai inci biyu, kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan gudu ya tafi. A nan ramin bakin da yaronka na YouTube ke yabo yake cin amana: ko dai ya ƙi buɗewa, ko ya buɗe ya tsaya kafin ya isa inda zai tsayar da mahari. Bayan musayar wutar da jami'anta suka yi da 'yan fashi a Miami a 1986, hukumar binciken laifuka ta FBI ta kafa ma'auninta, harsashi ya ratsa aƙalla inci 12 cikin daskararren jelin gwaji. Ɗan harsashin nan ba shi da ƙarfin da zai buɗe kuma ya ratsa a lokaci guda, dole ka zaɓi ratsawa. Kamfanin Federal sun gane haka da suka fitar da harsashin Punch a 2021, mai nauyin giren 29 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi), bakinsa a daɗe, ba rami, an yi shi musamman don gajeren bututu. In fistol ɗinta na cinsa lafiya, shi za ta zuba. In tana tuntuɓe da shi saboda rashin nauyi, a koma Mini-Mag mai giren 40, mai mulmulallen kai. Ni dai a nan na tsaya.

Da ni ta samu tun farko da libarba zan nuna mata, irin Ruger LCR mai cin takwas, don in ɗaya ya ƙi tashi sai ta sake jan kunama, ganga ta juya zuwa na gaba. Sai dai kunamarsu na da tauri, sai an ga ko yatsanta zai iya. .22 Magnum ya fi ƙarfi, akwai harsasan Gold Dot da Critical Defense da aka yi don kare kai, amma ƙararsa da walƙiyarsa a cikin ɗaki na firgita ko matashi. Ba zan ɓata yawu ina gaya maka kada a zuba LR a ɗakin Magnum ba. Wanda bai san wannan ba ya koma shara.

Ku yaran yanzu kuna son a ba ku suna ɗaya ku rubuta a waya ku wuce. Bindiga biyu ƙirar kamfani ɗaya, wannan ta ci harsashin, waccan ta tofar. Gobe ka kira dattijuwar ta zo da bindigarta. Da hannunta za ta harba 200 na irin da muka zaɓa, ba kai ba, domin hannu marar ƙarfi kan sa fistol ta maƙale ko da harsashi mai kyau ne. Ta ajiye shi a kwalinsa, wuri busasshe, nesa da mai, na cikin bindigar kuma ta harbe su duk bayan 'yan watanni ta zuba sababbi. Ka rubuta sunan harsashin da lambar da ke jikin kwalin a takardar aiki, ta sa hannu a ƙasa kafin ta fita. Tun 2013 ba bindigar da ke barin shagon nan sai da wannan takarda.