Amsa ga 'yar'uwa mai aikin ambulan goron Sallah

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki: kin karɓi aikin ambulan goron Sallah guda 200 da katin barka da Sallah 50, kin sayo kati mai sheƙi, ga hatimin roba ga injin murza ƙarfen yanka ado, amma tawada ta ƙi bushewa, ƙarfen yanka mai siffar jinjirin wata yana barin wasu wuraren ba su yanku ba, katin kuma yana tsagewa a kan ninki. Har kina tambaya ko hannunki ne bai faɗa ba. Ba hannunki ba ne. Biyu daga cikin matsalolin nan uku daga takardar suka fito, ta ukun ma da hannunta a ciki.

Katin nan mai sheƙi da masu ɗab'i ke buga katin ɗaurin aure a kai, an shafe fuskarsa da wani abu ne da ya toshe ƙofofin takardar, don injin buga takarda aka yi shi. Tawadar kushin ofis kuwa, shuɗiyar nan ko mai ruwan goro da ake buga wa rasit, ruwa ce da gilisarin, kuma ba bushewa take yi a iska ba, shigewa take cikin takarda. Kin ɗora ta a inda babu hanyar shiga, shi ya sa ko ta kwana kika sa yatsa sai ta biyo ki. Tun a shago za ki iya ganewa: ɗiga ɗigon ruwa ɗaya a gefen katin. In ya tsaya dunƙule yana kallonki, katin shafaffe ne. In ya baje ya fara shiga cikin daƙiƙa kaɗan, shi ne naki.

Tawadar wannan sana'a iri uku ce, kuma a jikin murfin ake rubuta ko wacce ce. Akwai mai rini, irin su Memento, mai ruwa-ruwa, tana shiga takarda nan take ta bushe, amma ba ta fitowa a kati mai duhu. Akwai mai kauri da ke zama a saman takarda, kalarta na fitowa sosai ko a baƙin kati, sai dai tana ɗaukar mintuna kafin ta bushe, a shafaffen kati kuma ba ta bushewa sam sai an gasa ta. Ta ukun ita ce irin su StazOn, mai wari kamar alƙalamin maka, tana kama leda da gilashi da kati mai sheƙi. Tunda kin riga kin kashe kuɗi a kan katin, StazOn baƙa guda ɗaya za ta cece shi. Ki dai riƙa rufe ta bayan kowane bugu, don a zafin Kaduna minti goma a buɗe ya isa ta fara ƙafewa. Amma in da shawara za ki bi, ki ajiye mai sheƙin don yanka ado, ki sayo mara sheƙi mai laushin fuska. Na jikin kati giram 250 zuwa 300, na ambulan 120 zuwa 160. Takardar fotokwafi giram 80 ce, ana hango kuɗin ta cikinta, yara kuma ba sa ɓoye abin da suka hango.

Ba ki faɗi irin hatimin da kika saya ba. In ja ne na roba, ba shi da rigima. In farar nan ce mai kama da leda da ake mannawa a jikin gilashin roba, masu arha da ke zuwa cikin fakiti daga Sin, yawancinsu silikon ne, tawada mai ruwa tana taruwa a kansu ɗigo-ɗigo, rubutun ya fito kamar mai ƙyanda. Ki wanke shi da sabulu ki shanya, ki goga masa farar kilinar fensir har sheƙin fuskarsa ya dushe, sannan ki yi bugun gwaji biyar a takardar banza. Irin wannan hatimin ya fi shiri da tawada mai kauri. Kada ki wanke shi da kananzir ko fetur ko ruwan goge farce, kumbura zai yi ya lalace.

Wajen shafa tawada, hatimin za ki kwantar fuskarsa sama, ki riƙe kushin kina ɗan bubbuga shi a kai sau biyar ko shida. Danna hatimi cikin kushi shi ke cika ramukan haruffa, "a" da "o" su toshe, gefen robar kuma ya bar zobe a jikin katin. Ki sa takarda goma ko siririn soso a ƙarƙashi, ki sauke hatimin a miƙe, ki danna da tafin hannu ki ƙirga uku, ki ɗaga a miƙe. Ban da jijjigawa. Mutane suna jijjigawa ne wai don ko'ina ya samu, abin da ke fitowa kuma rubutu ne mai inuwa. Ga ambulan 200 kada ki dogara da ido: ki manna kwali mai kauri siffar kusurwa a kan tebur inda takarda za ta riƙa zama, ki manna wani inda gilashin hatimin zai jingina, kowane bugu zai faɗa wuri ɗaya. A shimfiɗe ake bugawa, kafin ninki da gam. In kin ninke tukuna, kaurin haɗin baya zai fito a tsakiyar rubutun.

In kina son rubutun Hausa na kanki, masu yin hatimin ofis a cikin gari, wajajen Ahmadu Bello Way da kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, za su yanka miki shi. Ki ce roba zalla kike so, ba mai tawada a ciki ba, don ki riƙa sauya kala. Ki tsaya a nuna miki a kwamfuta kafin a yanka, domin salon rubutu da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ki karɓi "karamar Sallah" ko a sa miki akwati a gurbin harafin. Tsayin ƙananan haruffa kada ya gaza milimita 3, kuma ki guji salon nan mai siraran jela, tawada ba ta zama a kansu. Wani abu kuma da ya fi duk wannan: ambulan goron Sallah yaro ne zai yage ya yar a ƙofar gida. Kada a buga aya ko sunan Allah a jikinsa. "Barka da Sallah" da jinjirin wata da fitila sun wadatar, ke ma kin huta da neman yadda za ki yi da waɗanda suka lalace a wajen bugu.

Sai ƙarfen yanka. In injinki irin Big Shot ne mai bakin inci 6, jerin shi ne: katakon ƙasa mai kauri da abin ƙarin tsayinsa na siraran ƙarafa, farantin yanka ɗaya, ƙarfen da kaifinsa a sama, takarda fuskarta na kallon kaifin, sai faranti na biyu. Ƙarar ƙas-ƙas da kike ji ba karyewa ba ce, kaifin ne ke shiga faranti. Abin da ke hana shi yankewa duka shi ne matsi bai kai ko'ina daidai ba, tsakiyar injin kuma ta fi gefe rauni saboda sandunan da ke murzawa suna ɗan lanƙwasa. Ki matsar da ƙarfen gefe, ki karkata shi kaɗan yadda zai shiga da kusurwa, kada dogon layi ya ci karo da sanda gaba ɗaya. Ki murza gaba ki dawo baya, ki ɗaga ki duba bayan takardar ba tare da kin cire ta daga ƙarfen ba. Inda bai huda ba za ki gani. Ki juya shi kwata, ki ɗora guntun kati daidai wurin a bayan ƙarfen, ki sake murzawa. Ƙarin kati ɗaya ake fara sawa, in bai yi ba biyu. In hannun injin ya ƙi juyawa sai da ƙarfi, ki koma baya ki rage, don haƙoran ciki in suka karye gyaransu a nan wahala ne.

Nan ma katinki na da laifi. Ƙarfe mai zanen leshi, irin jinjirin watan da aka cika da ƙananan huji, ba a yi shi don giram 300 ba, balle mai sheƙi da fatar samansa ke miƙewa maimakon ta yanke. Ki ba shi 180 zuwa 220. Kati mai ƙyalƙyali da mai ruwan zinare irin madubi sun fi kowanne taurin kai, su sai da siririn farantin ƙarfe a ƙarƙashi, ko ki bar su ga siffofi masu sauƙi kamar tauraro da da'ira. In takarda na maƙalewa cikin ƙarfen, ki sa takardar gashin kek tsakaninsu a yankan farko, ragowar ki tsokane su da tsinken sakace ta ƙananan hujin da ke bayan ƙarfen, don haka aka yi su. Ki riƙa juya farantan, yau wannan fuska gobe waccan, in ba haka ba za su lanƙwashe kamar kwale-kwale, su ma su rage matsi.

Shi ambulan ɗin kansa ba zai shiga injin inci 6 ba, da reza da rular ƙarfe za ki yanka. Takardun naira 100 zuwa 1000 duk girmansu ɗaya, milimita 151 da 78, don haka ambulan mai 165 da 90 zai ɗauki sababbin kuɗi ba tare da an ninke su ba. Daga A4 ki yanki 190 ta dogon gefen, ya zama 190 da 210. A faɗin ki ja layi a 50 da 140, fukafukan biyu za su haɗu a baya su hau juna da milimita 10. A tsawon ki bar 15 na rufe ƙasa da 30 na murfi. Ragowar takardar, 107 da 210, ita za ki yanka ado da ita, babu asara. Ki yi samfur ɗaya da kwali mai tauri ki riƙa zagaye shi. Ki sayi takarda falle 220, ashirin ɗin na kuskure ne, kuma za a yi shi.

Tsagewar ninki kuwa, takarda tana da jijiya kamar rake. Ki ɗan lanƙwasa katin ta tsawo sannan ta faɗi, ɓangaren da ya fi saurin bi shi ne hanyar jijiyar, ninki kuma tare da ita ake yi. A yawancin A4 jijiyar na bin tsawo ne, saboda haka in kin raba shi biyu a 148 kika ninke kowanne a 105, ninkin ya bi hanya. In kin tsaga shi ta tsawo kika ninke a tsakiya, kin gitta ta, zai fashe. Wanda aka yanko miki daga babban fallen kati a shago sai kin gwada, don mai yankan ba ruwansa da jijiya. Kafin ninki ki ja layi da biro da tawadarsa ta ƙare a jikin rula, sau biyu a hankali, a kan abu mai ɗan laushi. Ramin layin a waje yake zama, tudun a ciki, akasin yadda hannu ke so. Sannan ki murje da bayan cokali. A4 guda 25 za su ba ki kati 50, kuma ambulan C6 na kasuwa, mai 114 da 162, daidai yake da su.

Ki sa yanayi a lissafi. A shekarun nan ƙaramar Sallah tana faɗowa cikin Maris, iska a bushe, takarda ta yi ƙaras, ninki ya fi fashewa. Babbar Sallah kuma tana zuwa bayan ruwa ya sauka, takarda ta sha danshi ta yi laushi, ƙarfe yana tauna ta maimakon ya yanke, tawada mai kauri ta ninka lokacin bushewarta. A damina ki ajiye katin cikin leda a ɗaure, nesa da ƙasa da bango. Masu yin na Kirsimeti su da ƙurar hunturu suke fama, duk abin da aka shanya a buɗe sai ya yi ja.

Rubutun zinare mai tudu da kika gani a hotuna ba tawada ba ce, gari ne ake narkarwa. Ana bugawa da VersaMark mai danƙo mara kala, a barbaɗa garin, a kakkaɓe, a gasa da ƙaramin injin zafi har ya sauya daga yashi zuwa sheƙi, a matsa gaba nan take. Na'urar busar da gashi hure garin take yi. In babu wuta, ki riƙe katin da hantsaki sama da fuskar dutsen guga mai zafi, bayansa na kallon ƙarfen, yatsa biyu tsakani. A lokacin rani garin yana manne wa ko'ina a jikin katin, don haka kafin bugu ki shafe shi da hodar yara da aka ƙulle a tsohuwar safa. Ga guda 200 ba na ba ki shawarar wannan, zai cinye miki kwanaki. Ki bar shi ga katuna 50, ki ƙara musu kuɗi.

Gam fari irin Top Bond ya isa haɗin ambulan, amma siririn layi da tsinke, milimita 3 daga baki. Ruwan da ke cikinsa shi ke sa takarda ta yi tudu-tudu in ya yi yawa, in ya tsallaka ciki kuma ya liƙe ambulan da kansa. Ki jera goma-goma ki danne da littafi mai nauyi na awa ɗaya. Salatif mai fuska biyu na arha yana sakewa in kaya suka zauna a mota da rana, sufa gulu kuma yana barin tabo a takarda. Murfin kada ki sa masa gam, ki tsaga ɗan layi na milimita 25 a baya a riƙa soke shi. Ki gaya wa mai kayan kada ta sa sitefila, dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana huda takardar kuɗi. Ki kuma bar ambulan su kwana a shimfiɗe kafin ki haɗa su cikin leda, don tawadar da ta bushe a yatsa tana iya komawa bayan na kusa da ita in an matse su.

Yau ki yi guda biyar kawai daga farko har ƙarshe, ki sa kuɗi a ciki, ki duba agogo. Abin da biyar ɗin suka ci ki ninka sau 40, za ki san ko za ki gama kafin goman ƙarshe ko sai kin nemi mai taya ki ninki. In ƙarfen ya ci gaba da gardama, ki turo hoton bayan takardar da na farantanki a gani.